Michael Imoudu: Ma'aikacin reluwe da ya tsayar da Najeriya cak har kwana 44

Da tsakar daren 21 ga Yuni, 1945, jiragen ƙasa a Legas suka yi ta busa usur ba tare da sun motsa daga kan dogo ba. Busar nan sanarwa ce. Kafin rana ta take, ma'aikatan reluwe da na gidan waya da na tashar jiragen ruwa da na ma'aikatar ayyuka sun ajiye kayan aiki, kuma a Legas ba su koma ba sai bayan kwana 44. Wannan shi ne yajin aikin gama-gari na farko a tarihin Najeriya. Mutumin da ya ƙi yarda a ɗage shi, bayan shugabannin ƙwadago na lokacin sun nemi a ƙara haƙuri, bai cika mako uku da dawowa daga ɗaurin talala ba. Ba lauya ba ne, ba ɗan jarida ba ne, karatunsa bai wuce firamare ba. Sunansa Michael Athokhamien Imoudu.

An haife shi a 1902 a ƙasar Ora, cikin Jihar Edo ta yanzu. Mahaifinsa soja ne a rundunar da Turawan Ingila suka kafa a Afirka ta Yamma. Bayan rasuwar mahaifin, Imoudu ya koma hannun wani ɗan'uwa da aiki ke yawo da shi gari-gari, saboda haka karatunsa ya zo a yanyanke, yau wannan makaranta, gobe waccan. Sai a 1927 ya kammala firamare a makarantar gwamnati ta Agbor, yana ɗan shekara 25. Ya tafi Legas, ya taɓa aikin layin waya, daga bisani ya shiga reluwe a matsayin ɗan koyon aikin ƙarfe a babbar ma'aikatar gyaran injuna ta Ebute Metta.

A wancan zamani reluwe ita ce jijiyar mulkin mallaka. Dogo ya isa Kano tun 1911, kuma ta kansa ake sauko da gyaɗa da auduga da fata zuwa bakin teku, ta kansa ake kwashe kuzar Jos da kwal ɗin Enugu. Amma hannayen da ke juya wannan dukiya su ne a ƙasan tsani. Akasarin masu aikin hannu ladan yini ake biyan su, ba fansho, ba tabbacin gobe, alhali Bature mai irin aikinsu yana da albashi da gida da hutun zuwa Ingila. Ko tsakanin baƙaƙen fata akwai shinge: akawu mai farar riga yana da matsayi na dindindin, maƙerin da ke tayar da mataccen inji ba shi da shi. A cikin wannan shinge Imoudu ya koyi siyasarsa, kuma har ya mutu bai daina zargin masu farar riga da saurin sasantawa ba.

Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1938 ta ba ma'aikata damar yin rajista. Ƙungiyar Ma'aikatan Reluwe ce ta fara karɓar takardar rajista a farkon 1940, Imoudu yana shugabanta. Gwajin farko bai jima ba. Hukumar reluwe ta nace a kan lissafin lada da awa, tsarin da ma'aikata suka gane cewa dabara ce ta rage musu abin da suke kai wa gida. Ranar 30 ga Satumba, 1941, suka iso bakin aiki suka tarar an garƙame musu ƙofa. Maimakon su watse, Imoudu ya shige gaba, ma'aikata kimanin 3,000 suka bi shi a ƙafa tun daga Ebute Metta har gidan Gwamna Bernard Bourdillon a tsibirin Legas. Jama'ar gari suka yi ta shiga ayarin a hanya. Gwamna ya saurare su, aka janye tsarin. Daga ranar ma'aikata suka gane cewa ƙofar da takardar koke ta kasa buɗewa shekara da shekaru, tattaki na yini guda ya buɗe ta. Gwamnati ma ta gane, ta kuma riƙe sunan wanda ya ja gaba.

Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Kayan waje sun yi ƙaranci, abinci ya yi tsada, kuɗin haya a Legas ya tashi, albashi kuma yana nan inda aka bar shi. A Arewa a shekarun ne aka riƙa ɗebo talakawa daga ƙauyuka zuwa aikin tilas a ramukan kuza na Filato. Ƙungiyoyin ma'aikatan fasaha na gwamnati suka haɗu a inuwa guda a 1941, Imoudu yana mataimakin shugaba, suka matsa a ba su alawus na tsadar rayuwa. A 1942 gwamnati ta amince, tare da alkawarin za a riƙa duba alawus ɗin gwargwadon yadda farashi ya hau. A shekarar kuma ta fito da dokar yaƙi da ta haramta yajin aiki. A Janairun 1943 aka kori Imoudu daga aiki, aka tsare shi a ƙarƙashin dokokin tsaron ƙasa. Aka fara ajiye shi a kurkukun Benin, sannan aka yi masa ɗaurin talala a Auchi. Ba a gurfanar da shi gaban kotu ba. Ya shafe fiye da shekara biyu a haka.

Sa'ad da yake tsare, farashi ya ci gaba da hawa, alkawarin 1942 kuwa ba wanda ya sake tayar da shi daga ɓangaren gwamnati. Abin da ya ƙara ɓata ran ma'aikata shi ne ganin ana ƙara wa jami'ai Turawa alawus iri-iri a daidai lokacin. A watan Maris na 1945 ƙungiyoyin suka rubuta wa gwamnatin Arthur Richards buƙatu biyu: mafi ƙarancin ladan yini ya zama sule biyu da sisi, a kuma ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan alawus na tsadar rayuwa, lissafi daga 1 ga Afrilu, 1944. Amsar da ta dawo ta yi kama da wadda ma'aikacin Najeriya ya saba ji har yau. Gwamnati ta yarda rayuwa ta yi tsada, amma ta ce ƙarin kuɗi a hannun ma'aikata zai ƙara tayar da farashi tunda kaya sun yi kaɗan, kuma baitulmali ba zai iya ɗauka ba. A watan Mayu ma'aikata suka ba da wa'adin wata guda.

Ana cikin wa'adin aka saki Imoudu, yaƙi ya ƙare a Turai, hujjar tsare shi ta faɗi. Wataƙila hukuma ta yi zaton sakin zai sanyaya zukata. Ranar 2 ga Yuni ya shigo Legas, dubban mutane suka tarye shi, aka ɗora shi a kan farin doki aka zaga gari da shi, Herbert Macaulay da Nnamdi Azikiwe suna cikin masu maraba.

Da wa'adi ya kusa cika, gwamnati ta tunatar cewa yajin aiki haramun ne a doka. Shugabannin gamayyar, ƙarƙashin T. A. Bankole, suka yanke shawarar a ɗage da mako biyu. Ba matsorata ba ne, kuma hujjarsu tana da ƙarfi a takarda: doka ba ta tare da su, ba su da asusun ciyar da iyalai, kuma wanda aka kora ba shi da inda zai kai kuka. Imoudu ya ƙi. A nasa lissafin, ma'aikacin da aka shirya wa rana aka kuma ɗage ta ba zai sake yarda da wata rana ba, kuma gwamnatin da ta ga an ja da baya sau ɗaya ta san inda za ta danna a karo na biyu. Ya tafi kai tsaye wurin ma'aikatan Ebute Metta, suka bi shi, shugabannin da suka nemi jinkiri suka wayi gari ba mabiya.

Ƙungiyoyi 17 ne suka shiga, ma'aikata fiye da 30,000. Adadin ba shi da yawa idan aka kwatanta da al'ummar ƙasa, sai dai su ne ke riƙe da dogo da waya da tashar ruwa. Labarin ya bi layin dogo zuwa larduna, har tashoshin Arewa, kuma a wasu wuraren yajin ya haura kwana 50. Imoudu ya riƙa yawo tsakanin taruka cikin shigar gargajiya da layu da wutsiyar doki a hannu, abin da 'yan boko suka riƙa yi wa kallon raini, ma'aikata kuwa suka ɗauka alamar cewa mutumin nan ba ya tsoron Bature.

Tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce yadda leburan da ke cin ladan yini ya iya zama mako shida ba lada. Ba ƙungiya ce ta ciyar da shi ba, domin ba ta da abin ciyarwa. Gari ne ya ɗauke shi. Matan kasuwar Legas, waɗanda Alimotu Pelewura ke jagoranta, suka rage farashi, suka ba da bashi, suka zuba kuɗi a asusun tallafi. Masu gidajen haya da yawa suka ɗaga wa 'yan haya ƙafa. Matan ma'aikata suka riƙe gida da ɗan cinikinsu. Jaridun Azikiwe guda biyu, West African Pilot da Daily Comet, suka tsaya bayan yajin har gwamnati ta haramta buga su a watan Yuli. A ɗaya ɓangaren akwai wasu manyan 'yan boko na Legas, masu kiran kansu 'yan kishin ƙasa su ma, da suka tsaya a gefe suna wa'azin bin doka.

A nan ne tarihin Imoudu yake da abin faɗa wa duk mai kiran kansa ɗan ra'ayin kawo sauyi. Rikicin ma'aikaci da mai ba da aiki ba kokawa ce tsakanin tsara biyu ba. Gwamnati ko kamfani na iya jira wata uku. Akwai baitulmali, akwai 'yan sanda, akwai kotu, akwai ikon kora. Ma'aikaci ba shi da komai sai ƙarfinsa, kuma tukunyar gidansa ba ta jiran mako biyu. Idan aka bar su su biyu, mai iya jira shi ne zai ci. Saboda haka wanda ya naɗe hannu ya ce shi ba ya bayan kowa, a zahiri ya riga ya ƙara wa mai ƙarfi nauyi a sikeli. Gaskiya ne yajin aiki yana cutar da talaka, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce. Amma ba wanda yajin 1945 ya taɓa wa ciniki kamar matan kasuwa, tunda masu sayen kayansu ne suka rasa lada, kuma su ne suka fi kowa tsayawa. Sun san cewa sulen da aka ƙara wa lebura a kan tirensu zai ƙare. Lissafin da matan da ba su shiga aji ba suka yi daidai, shi ne ya gagari wasu masu digiri.

Gwamnati ta yi barazanar kora, ta kama wasu shugabanni, ba abin da ya motsa. A farkon Agusta aka koma aiki bisa sharaɗin ba za a hukunta kowa ba, kuma za a kafa kwamitin bincike mai zaman kansa. Kwamitin Tudor Davies ya fitar da rahotonsa a 1946, ya ba da shawarar ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan alawus ɗin. Kuɗin da aka ce babu, ya samu.

Ribar siyasar kuwa jam'iyyar NCNC ce ta kwashe. A 1946 ta shirya rangadin ƙasa don adawa da tsarin mulkin Richards, Imoudu yana cikin tawagar tare da Macaulay da Azikiwe. A garuruwan da ke kan dogo, ma'aikatan reluwe ne suka zama masu masauki da masu tara jama'a. A Kano ciwo ya kama Macaulay, aka mayar da shi Legas, ya rasu ranar 7 ga Mayu, 1946.

Shekarun da suka biyo baya ba su da daɗin bayarwa, kuma Imoudu yana da nasa kason a cikin laifin. Batun ko ƙwadago za ta jingina da NCNC ya raba gamayyar ma'aikata, ya fita da ɓangarensa a 1949. A ranar 18 ga Nuwamba na shekarar 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a kan mahaƙan kwal a Iva Valley kusa da Enugu, suka kashe 21, suka raunata 51. Jinin nan ya haɗa kan 'yan siyasar da ba sa ga maciji da juna, ya kuma haɗa ƙungiyoyin ƙwadago a 1950, amma haɗin bai yi ƙarko ba. Aka sake haɗuwa a 1953, aka rabu, aka haɗu a 1959, aka rabu a 1960. Kusan kowane karo Imoudu ne ake ɗorawa a shugabanci, domin sunansa ne ke tara jama'a, kuma kusan kowane karo yana tsakiyar rigimar. Yaƙin cacar baka ya shigo ciki: wasu na karɓar tallafi daga ƙungiyoyin Yammacin Turai da Amurka, wasu daga Tarayyar Sobiyet, shi kuma ya karkata ga masu ra'ayin gurguzu, ya ziyarci Sobiyet da Sin. Gwani ne a dandalin taro da ranar arangama. Zaman ofis da haƙurin riƙe abokan tafiya masu bambancin ra'ayi ba su ne ƙarfinsa ba.

Bayan samun 'yancin kai, waɗanda ma'aikata suka ɗauka a kafaɗa suka zama masu biyan albashi. Tsarin da Bature ya bari bai canja ba, sai dai ministoci da manyan sakatarori 'yan ƙasa sun gaji gidaje da motoci da alawus, lebura kuma yana inda yake. A 1963 ƙungiyoyin da ke gaba da juna suka kafa kwamitin haɗin gwiwa, suka tilasta wa gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa kafa kwamitin albashi ƙarƙashin Mai Shari'a Adeyinka Morgan. Kwamitin ya miƙa rahoto a ƙarshen Afrilun 1964, gwamnati ta yi ta jan ƙafa. Ranar 1 ga Yuni yajin gama-gari na biyu ya fara, wannan karon da ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu a ciki, mutum wajen 750,000. Imoudu, yana da shekara 61, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da H. P. Adebola da Wahab Goodluck, mutanen da jiya-jiya suke jifan juna da zargi. Firayim Minista ya ba da wa'adin awa 48 a koma aiki ko a fuskanci kora, wa'adin ya wuce ba wanda ya koma. Bayan kwana 13 aka daidaita. Morgan ya ba da shawarar fam 12 a wata ga mafi ƙarancin ma'aikaci a Legas, aka tsaya a fam 10, sama da abin da gwamnati ta fara tayawa. Abin lura shi ne jam'iyyar da ta yi suna da yajin 1945 tana cikin gwamnatin da aka yi wa na 1964, kuma hujjojin da ta taya bayarwa su ne na Richards.

Imoudu ya yi zaton wannan haɗin kai zai koma ƙuri'a. Ya kafa jam'iyyar ma'aikata a 1964, amma da zaɓe ya zo, mutanen da suka yi yaji tare suka koma kowa ga jam'iyyar yankinsa. Haɗin gwiwar ma ya watse.

Sojoji ne suka rufe masa ƙofar ƙwadago. Lokacin da manyan ƙungiyoyi suka haɗu da kansu a ƙarshen 1975, gwamnatin soja ta ƙi amincewa, ta kafa kwamitin bincike na Mai Shari'a Adebiyi, kuma a 1977 gwamnatin Obasanjo ta fitar da dokar da ta haramta wa shugabanni 11 shiga harkar ƙwadago, Imoudu da Goodluck suna ciki. Ƙungiyar NLC ta yanzu an kafa ta a 1978 ba tare da shi ba, Hassan Sunmonu ya zama shugabanta na farko.

Daga nan hanyarsa ta biyo ta Arewa. Da Malam Aminu Kano ya kafa jam'iyyar PRP a 1978, Imoudu ya zama mataimakin shugabanta na ƙasa. Haɗuwar ta dace: ɗaya ya ƙare rayuwarsa yana kare talakan ƙauye daga haraji da jangali da zaluncin masu sarauta, ɗayan yana kare mai aikin lada daga mai biyan lada. A ƙarƙashin wannan jam'iyya ne Gwamna Abubakar Rimi ya ayyana 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata a Jihar Kano a 1980, shekara guda kafin Gwamnatin Tarayya ta Shehu Shagari ta bi sahu. A 1981 ɗin ne kuma, bayan wani yajin gama-gari da NLC ta kira, aka kafa dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 125. Sai dai PRP ma ba ta tsira daga rabuwa ba. Da rikici ya ɓarke a 1980 kan halartar Rimi da Balarabe Musa tarukan gwamnonin adawa, jam'iyyar ta dare gida biyu, abin da Kanawa suka raɗa wa suna santsi da taɓo. Imoudu ya bi gwamnonin, ya zama shugaban ɓangarensu, hukumar zaɓe kuma ta amince da ɓangaren Malam. Aka tsige Balarabe Musa a Yunin 1981, Rimi ya koma NPP kafin zaɓen 1983, Malam Aminu ya rasu a Afrilun shekarar, ɓangaren Imoudu ya narke.

Ya yi tsawon rai har ya ga gwamnatin soja ta sa sunansa a kan cibiyar nazarin harkokin ƙwadago ta ƙasa da ke Ilorin a farkon shekarun 1990, ya kuma ga reluwen da ya yi wa hidima ta durƙushe, tashoshinta sun koma kufai. Ya rasu a 2005 a ƙasar Ora inda aka haife shi, yana da shekara 102.